A daina kulle mashayi da sunan magani

Kusan kowane wata sai an kawo mana mashayi ɗaya asibiti daga inda ake tsare da shi. Hannu na rawa, ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa, gumi ya jiƙe riga sharkaf, yana ihu wai ƙwari na bin bango. In ka tambaya, a ce kwana uku ke nan da rufe shi. Abin da ke ƙona mini rai, sau da yawa mahaifin ne da kansa ya tsaya gaban alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, a ajiye mana shi wata shida ko ya daina sha."

Haba baba! Na san kun gaji, ya sayar da kayan ɗakin uwarsa, ya zubar muku da mutunci a unguwa. Amma wanda jikinsa ya saba da burkutu ko giyar leda kullum, in aka yanke masa lokaci guda, yana iya faɗuwa da farfaɗiya, yana iya mutuwa. Wanda ya tsira kuma, ranar da aka sake shi mashaya ce zangonsa na farko. Mun gani har mun gaji da gani.

Iyayenmu alƙalai, ba mu ce a yafe laifi ba. Wanda ya bugu ya doki matarsa ko ya kaɗe mutum da babur, a hukunta shi. Roƙonmu a koya wa mai shari'a ya riƙa tambaya: shekara nawa kana sha? In ba ka sha ba da safe, jikinka na rawa? A Amurka, tun 1989 aka buɗe kotu a Miami wadda ke tura masu shaye-shaye magani, alƙalin na bibiyarsu da kansa. A nan ma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba ɗauri ba. Me ya hana cibiyar horas da alƙalai da ke Abuja ta gayyaci likitoci su zauna da su?

A taƙaice: likita ya duba shi tun ranar da aka kama shi. In ya fara rawa ko sambatu, a garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau. Ɗan uwa ɗaya ya ɗauki nauyin raka shi, a riƙa kai wa kotu takardar likita. Kuma don Allah, ban da gidan mari.