Waiwaye: Tun yaushe motar Morgan ta fara sauya ciki ta bar fuska?

Tun da aka ƙera Morgan ta ƙarshe mai shasin ƙarfe a 2020, masoya wannan mota ta Ingila ba su daina ja-in-ja ba. Wasu na cewa suna kawai ya rage: shasi ya koma na alminiyum, inji na BMW ne, kuma tun 2019 mafi yawan hannun jari ya bar iyalin da suka kafa kamfanin. Wasu kuwa na cewa ai har gobe kafintoci ne ke haɗa firam ɗin bodi da itacen ash a garin Malvern, to me aka rasa? Kowane ɓangare na magana kamar jiya abin ya faro.

Farkon labarin sananne ne. H.F.S. Morgan, wanda ya kafa kamfanin, ya fara da mota mai ƙafa uku a 1909, ya fito da 4/4 mai ƙafa huɗu a 1936, Plus 4 ta biyo baya a 1950. Da ya rasu a 1959, ɗansa Peter ya gaje shi.

Shekarar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce 1963. A lokacin ba wanda ke kallon Morgan a matsayin kayan tarihi, tsohuwar yayi ce kawai da aka bari a baya. Jaguar ta fito da E-Type a 1961, MGB da Lotus Elan sun zo a 1962, duk sumul, ba madgad a waje. Peter Morgan ya ga haɗarin, ya yi abin da duk mai hankali zai yi: ya gwada mota ta zamani. Aka sa mata suna Plus 4 Plus. Rufaffiya ce, bodinta na faiba, gilashin gabanta a lanƙwashe, tagoginta ana murɗa su sama da ƙasa, injinta na Triumph. Aka kai ta baje kolin motoci na Earls Court a Landan.

Guda 26 kacal aka ƙera kafin a haƙura a 1967. Masu saye sun zo, sun leƙa, sun koma suna neman tsohuwar mai doguwar banat da rufin tamfol. A ganina a nan aka ƙulla komai. Kasuwa ta nuna wa kamfanin cewa fuskar nan ita ce haja, kada a taɓa ta. Amma dokokin hayaƙi da na kare fasinja ba sa jiran kowa, kuma ƙaramin kamfani da ke ƙera motoci ɗaruruwa a shekara ba shi da ƙarfin yin injinsa; na Ford, Triumph da Rover ya yi ta saye. Tunda an hana sauyi fitowa fili, dole ya shige ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Haka Plus 8 ta zo a 1968, injin V8 na Rover a cikin tsohon bodi, ta kuma samu karɓuwa har 2004. A 2000 Aero 8 ta shigo da shasin alminiyum da injin BMW, shekara 20 kafin shasin ƙarfe ya yi bankwana. Ƙorafin da ya fi ƙarfi a lokacin a kan fitilunta na gaba ne, waɗanda aka ce sun karkace kamar masu harara garke, kuma su ɗin kamfanin ya sauya daga baya.