Waiwaye: Abin da ke fasa bututun ruwa a gwiwa

Ruwan da ke gangarowa daga madatsar Usuma zuwa unguwannin Abuja yana ɗauke da ƙarfin tafiya, wato nauyinsa a ninka da saurinsa. Wannan ƙarfi ba ya salwanta. Duk inda aka karkatar da ruwan ko aka tsayar da shi, dole wani abu ya karɓi bugun, kuma galibi bututun ne.

Isaac Newton ne ya kafa ƙa'idar a 1687. Leonhard Euler ya ɗora ta a kan ruwa a 1757, sai dai ya ɗauka ruwan ba ya gogayya da komai. Navier a Faransa, a 1822, da Stokes a Ingila, a 1845, su suka shigar da kaurin ruwa cikin lissafin. Ya fito da wuyar gaske, har Cibiyar Clay, wata cibiyar nazarin lissafi, ta sa ladan dala miliyan 1 ga duk wanda ya warware shi a 2000.

Injiniya a bakin aiki ba ya jiran a warware wannan. Gwiwar bututun, wato inda ya lanƙwashe, kawai yake dubawa: me ya shiga, me ya fita. Bututu mai faɗin milimita 300, matsin ruwa bar 6 (bar ma'aunin matsi ne), gwiwa mai digiri 90: turin ya kai kusan tan 6. Abin mamaki, idan ruwan na gudun mita 2 a daƙiƙa, rabon gudun kusan kilo 40 ne kawai, sauran duk matsi ne. Shi ya sa ake zuba kankare a bayan gwiwa, ya jingina da ƙasar da ba a tona ba. In aka jingina shi da ƙasar cikon rami, ko aka saki ruwa kankaren bai gama ƙarfi ba, damina na zuwa mahaɗar za ta zame.

Tsayar da ruwa farat ɗaya ya fi muni. Nikolai Zhukovsky ya gwada haka a bututan Mosko, ya bayyana sakamakon a 1898. A bututun ƙarfe, katse gudun mita 1 a daƙiƙa yana ƙara matsi kusan bar 10. Bugun na zuwa ƙarshen bututun kilomita 1 ya dawo cikin daƙiƙa 2, don haka rufe bawul ya ɗauki lokacin da ya ninka wannan sosai. Ɗauke wuta kuwa ba ya yi wa injin turo ruwa sallama, shi ya sa ake haɗa tankin iska kusa da injin ya shanye bugun.