Kalmomin Turanci masu asali daga harshen Hangari

Turanci ya aro wasu kalmomi daga harshen Hangari, kuma da yawansu sun iso ne ta hannun Jamusanci ko Faransanci, ma'anarsu ta karkata a hanya. Galibi sunan gari, ko na sana'a, ko na mutum ne ya koma sunan abu.

Wadda ta fi yin nisa ita ce coach. Kocs ƙauye ne a Hangari, a kan hanyar da ta haɗa Buda (wani ɓangare na birnin Budapest a yau) da Viyana. A ƙarni na 15 ya yi suna wajen ƙera keken doki mai sauri da daɗin zama, ana kiransa kocsi szekér, wato keken Kocs. Aka yar da rabin sunan, aka riƙe kocsi. Jamusawa suka ce Kutsche, Faransawa suka ce coche, Ingilishi ya karɓa a tsakiyar ƙarni na 16. Wajajen 1830 ɗaliban Jami'ar Oxford suka fara kiran malamin da ke shirya su jarrabawa da wannan suna, don shi ke ɗaukarsu ya kai su gaci. Daga nan ta shiga fagen wasanni, ta zama kocin da masu kallon ƙwallo ke zagi in an sha kashi.

Goulash kuwa kuskure ne sosai. Kalmar ta fito ne daga gulyás, da ke nufin makiyayin shanu a harshen Hangari, abincin kuma romon nama ne mai ruwa-ruwa da makiyaya ke dafawa a tukunyar ƙarfe a kan wutar itace, da albasa da jan barkonon paprika, daga baya aka ƙara dankali. Abin da Turawan Ingila da Amurka ke kira goulash miya ce mai kauri, wadda mutanen Hangari suka fi sani da pörkölt.

Sai biro, da Hausa ma ta karɓa. László Bíró ɗan jarida ne haifaffen Budapest a 1899. Ya yi rajistar alƙalaminsa mai ɗan ƙwallo a baki a 1938, ya yi hijira zuwa Ajantina, ya sake yin rajista a can a 1943. A harshensu bíró alƙali ne, kuma a Hangari ba a kiran alƙalamin da sunansa, golyóstoll ake cewa.