"Ai ya warware" ba lafiya ba ce

Sau da yawa idan aka kawo mai shanyewar ɓarin jiki, muka zauna da iyalansa, sai mu ji labari iri ɗaya. Kwana uku da suka wuce kofi ya suɓuce daga hannunsa, baki ya ɗan karkace, magana ta harɗe na minti goma, sannan komai ya dawo daidai. Me kuka yi? "Ai ya warware." Wannan kalma ta ishe mu.

Akwai manyan jijiyoyin jini biyu a wuya, ɗaya dama ɗaya hagu, masu kai jini ƙwaƙwalwa. Kitse na taruwa a bangonsu, musamman inda jijiyar ta rabu biyu a ƙasan muƙamuƙi. Idan ɓarɓashin kitsen ko ɗan gudan jini ya ɓalle, sai ya haura ya toshe wata ƙaramar hanya. In ya narke da wuri, mutum ya dawo hayyacinsa, amma inda ya ɓallo yana nan, kuma kwana biyun farko su ne mafi haɗari. Jijiyar hagu kan kashe hannu ko ƙafar dama, ko ta rufe idon hagu kamar an saki labule, bayan 'yan mintuna gani ya dawo.

Maza sun fi saurin tara wannan kitse, tun da sauran ƙuruciyarsu, kuma nasu ya fi laushi da saurin fashewa. Magidanci mai shekara 50 da ke shan sigari, ga hawan jini, ga ciwon suga, kada ya ce ƙarfinsa ne zai kare shi.

Amma iyayenmu mata, ku ne kuka fi ba mu tausayi, kuma ku ne kuka fi ba mu haushi. Kariyar da jikin mace ke da ita tana raguwa bayan ɗaukewar al'ada. Mata sun fi tsawon rai, saboda haka ciwon na cim musu da tsufa, kuma ya fi barinsu da nakasa. Wadda ta taɓa yin hawan jini ko jijjiga da juna biyu, haɗarinta ya ƙaru ko da yaran sun girma. Mai ciwon ɓarin kai da ke ganin walƙiya kafin ya taso, in tana shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istrojin, balle ta haɗa da taba, ta koma asibiti a sauya mata wata hanya. Ga shi kuma a wajen mace alamar kan zo da ruɗewa, kasala ko mutuwar jiki gaba ɗaya, sai a ce gajiya ce. Ita ma ta ce gajiya ce, ta ɗaura zani ta koma aiki. Haba!

Jinkiri ya fi cutar da mace. Idan hoton jijiyar wuya ya nuna ta tsuke da kashi 70 cikin 100 ko fiye, ana iya yin tiyata a kankare kitsen. Amfanin tiyatar ya fi yawa cikin mako biyu da ganin alama, kuma a wajen mata yana raguwa da sauri bayan mako biyun. Wadda ta zauna wata guda tana "ai ya warware" ta zubar da damarta da hannunta.

Don Allah ku riƙe waɗannan:

- Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, ko ido ɗaya ya rufe: asibiti nan take, ko da ya wuce.
- Ku lura da ƙarfe nawa abin ya fara. Allurar narkar da gudan jini sai cikin awa 4 da rabi.
- Kada a ɗura masa ruwa ko abinci, zai iya shaƙewa.
- Kada a ba da asfirin kafin hoton ƙwaƙwalwa, wataƙila jini ne ya tsinke.
- Kada a murza wuya da sunan tausa.
- Awon jini ya kai 140/90, a ga likita, kuma ba a ajiye maganin don an ji sauƙi.