Ba Kowane Tsuntsu Ne Jan-baki Ba

Duk manomin da ya taɓa kwana a gonar shinkafa yana kaɗa gwangwani ya san zafin jan-baki. Da sanyin safiya za ka hango su kamar hayaƙi, kafin hantsi sun bar maka ƙaiƙayi. Ɗan tsuntsu ɗaya kan ci kimanin giram 10 na hatsi a rana, garke kuwa na iya kai miliyan. Don haka idan na ji manomi ya ce shi da tsuntsu ba shiri, ba na ganin laifinsa. Sai dai abin da na tarar a wata fadama ya hana ni yin shiru.

Wani dattijo ne ya jiƙa tsabar gero da maganin ƙwari, ya watsa a bakin gonarsa. Washegari muka zagaya tare. Jan-bakin da ya mutu bai cika tafin hannu biyu ba, amma ga kurciyoyi, ga fakara, ga belbela biyu a bakin ruwa, har da shirwar da ta ci mushe ta faɗi a gindin gawo. Na ce, "Baba, waɗannan me suka ci maka?" Ya daɗe bai ce komai ba.

'Yan uwa manoma, da yawan tsuntsayen gona ma'aikatanmu ne da ba ma biyan su ko sisi. Belbela tana bin garma tana tsince tsutsa. Shamuwa, wadda zuwanta ke yi mana albishir da damina, fara ce cimarta. Mujiya da ake jifa saboda camfi, ɓera take farauta cikin dare. Tun 2016 da tsutsar masara mai cin zuciyar kara ta bayyana a Najeriya, kuɗin magani ke ƙaruwa a aljihunmu, mu kuma muna ƙarar da masu cinye ƙwari kyauta.

Turawa sun riga mu ɗanɗana wannan. A Birtaniya, tsuntsayen gona sun ragu da fiye da rabi daga 1970 zuwa yau, wata irin kurciya tasu kuwa ta ragu da sama da kashi 90 cikin ɗari. Wani babban bincike da aka fitar a 2023 kan ƙasashen Turai 28 ya ɗora mafi girman laifin a kan yawan feshin magani da takin zamani. Har yanzu ana ja-in-ja tsakanin manomansu da masu kare muhalli kan wanda zai ɗauki asara idan aka bar wa tsuntsu gefen gona. Kuma abin ya shafe mu kai tsaye, domin wasu daga cikin tsuntsayen nan, idan sanyi ya kore su, hamada suke ƙetarowa su sauka a yankinmu, a wurare irin su fadamar Haɗeja da Nguru. A China ma, a 1958 gwamnati ta sa aka yi wa gwara kisan kiyashi don tana cin hatsi. Ƙwari suka samu sake, abin ya ƙara wa yunwar da ta biyo baya muni.

Ni ban yarda da mai cewa a bar jan-baki ya ci son ransa ba, wanda ke faɗin haka ba shi da buhu a gona. A yi maganinsa, amma shi kaɗai. Maƙwabta su haɗa baki su yi shuka lokaci ɗaya, don kada gona guda ta nuna ita kaɗai ta zama tuwon garke. A girbe da zarar hatsi ya ƙosa. A rage kachala a bakin ruwa, tunda cikinta suke kwana su yi sheƙa. Wanda ya gano makwancinsu ya sanar da malamin gona, kada ya sayi guba ya yi gaban kansa. Gawo da sauran itatuwan gona kuma a bar su. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka daina tumɓuke kututture suka riƙa rainon tohonsa sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5.

Sai maganar da ta fi damuna. Bayan feshi ko watsa guba, yara kan tsinci tsuntsayen da suka faɗi, a fige a soya, wani lokaci har tasha ake kai su. Suya ba ta ba da tabbacin gubar ta fita. A tona rami mai zurfi nesa da rijiya a binne su, da leda ko safar hannu. Idan wani ya ci ya fara amai, gumi, dalalar miyau ko sarƙewar numfashi, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. A garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar maganin don likita ya ga sunansa.