Mai digiri da karatun likitanci a Faransa: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Digirina na kimiyyar halittu zai sa a tsallake mini ajin farko?

A'a. Digirin farko daga Najeriya ko Ghana shi kaɗai ba ya rage maka ko zango ɗaya na karatun likitanci. Daga 2020 ƙofa biyu ce: PASS, wato shekarar farko da mafi yawanta darussan lafiya ne, ko L.AS, wato digirin farko a wani fanni haɗe da wasu darussan lafiya. PASS ba a maimaita ta, kuma sau biyu kacal ake ba mutum damar neman shiga aji na biyu.

Ana koyarwa da Turanci?

Da Faransanci ake koyarwa, da shi majinyaci zai faɗa maka inda ke masa ciwo. Mafi ƙarancin matakin iya Faransanci shi ne B2, wasu tsangayoyin sai C1 da ke sama da shi. Cikin jarrabawoyin Faransanci, takardar TCF shekara biyu take yi ta mutu, DELF da DALF ba sa mutuwa. Don Allah a daina tambayar ko wata uku na darasi ya isa. Bai isa ba.

Yaushe ake nema?

Mai neman ajin farko daga ƙasar da ba ta cikin Tarayyar Turai yana bi ta DAP ne, wato neman izinin shiga tun da wuri, a shafin Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗaliban waje, da zaɓin jami'a uku. Ana buɗewa a Oktoba, a rufe tsakiyar Disamba. Wanda ya farka a Maris ya jira baɗi.

To wannan passerelle da ake ta faɗa fa, ba ita ce hanyar masu digiri ba?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka a karanta a tsanake. Passerelle gada ce da dokar 24 ga Maris 2017 ta tsara, tana kai mutum aji na biyu ko na uku kai tsaye. Amma ba ta mai digirin farko ba ce. Ana neman digiri na biyu, ko takardar injiniya, ko digirin digirgir, ko wasu takardun aikin lafiya, kuma galibi sai na Faransa ko na wata ƙasar Turai. Mastas ɗin Zariya ko Legas, komai kyansa, ba ya cikin jerin. Digirin digirgir na waje yana da sassauci, amma tsangayar ce ke duba takardar ta yanke ko ta karɓu, don haka ka rubuta musu kafin ka kashe ko sisi.

Shi ya sa wasu ke zagayawa: su yi mastas na shekara biyu a Faransa, sannan su nemi gadar. Hanya ce halattacciya, amma a san abin da ake saye. Ana miƙa takardu zuwa 15 ga Maris, a jami'a ɗaya tak, kuma sau biyu ne iyaka a rayuwa. Kwamiti zai fara tace fayil, waɗanda suka tsira a kira su hira ta 'yan mintuna, su bayyana me ya sa yanzu, me ya sa likitanci. Guraben kaɗan ne, kuma cikin masu gasar akwai injiniyoyi da masana haɗa magunguna 'yan ƙasa. Idan mastas ɗin zai amfane ka ko da ba a ɗauke ka ba, bismillah. Idan don gadar kaɗai za ka yi shi, caca ce mai tsada.

Wata dabarar kuma ita ce neman L.AS a aji na biyu ko na uku na fannin da ka riga ka karanta. Wasu jami'o'i suna yarda, wasu ba sa yi, kuma dole ka cike darussan lafiya da ake buƙata. Wanda ya riga ya fara likitanci a gida, nasa tsarin daban ne, na neman a yafe masa wani ɓangare na karatun a dokar Disamba 2019. Kada a haɗa su.

Takardar ENIC-NARIC, cibiyar da ke auna takardun karatun waje, ta wadatar?

Tana nuna matakin digirinka ne kawai, ba ta tilasta wa jami'a komai. Fassarar takardu kuma a ba mai fassara da aka rantsar, ba ɗan uwa da ya zauna Yamai ba.

Na yi tsufa?

Kwantar da hankalinka, babu iyakar shekaru. Lissafa dai: shekara shida, sannan horon ƙwarewa na shekara huɗu zuwa shida.

Nawa ne kuɗin?

Kusan Yuro 2,900 a shekara ga baƙo a matakin digirin farko, kodayake wasu jami'o'in suna yafe wani kaso. Haya da ci ne ke karya mutum, musamman a Paris. Kada ka dogara da ƙwadago a shekarar PASS, ba za ka samu lokaci ba.

Kanada fa, tunda Kebek ma Faransanci suke yi?

Jami'ar Montreal da ta Laval da ta Sherbrooke duk da Faransanci suke koyarwa, amma kusan duk guraben na mazauna lardin ne.

In na gama zan iya aiki a Najeriya?

Sai ka ci jarrabawar da MDCN, hukumar kula da likitocin Najeriya, ke yi wa waɗanda suka karanto a waje, sannan ka yi shekarar horo a asibiti. Da Turanci ake yin ta, don haka kada ka jefar da littattafanka na da.