Saki a Amurka: rabon kuɗin ritaya da kuɗin ciyarwa

A Amurka, hukuncin saki shi kaɗai ba ya fitar da ko anini daga asusun ritaya na wurin aiki, irin 401k ko fansho. Dokar tarayya ta ERISA ta 1974, mai kare kuɗin ritayar ma'aikata, ta kulle waɗannan kuɗaɗe. Sai an samo wani umarnin kotu na daban, wanda ake kira QDRO, alƙali ya sa masa hannu, sannan masu kula da asusun su amince da shi. A nan mutane da yawa ke yin sake. An gama shari'a, kowa ya kama gabansa, takardar ba a kai ta ba. Idan mai asusun ya rasu, ko ya kwashe kuɗin, ko ya sake aure kafin a kai ta, tsohuwar matar na iya tashi a tutar babu. Dabara ita ce lauya ya tura daftarin ga masu asusun su duba tun kafin a yanke hukunci.

Asusun IRA kuwa, wato asusun ritaya da mutum ke buɗe wa kansa, ba ya buƙatar QDRO. Hukuncin saki ya isa, muddin kuɗin ya tashi daga asusu zuwa asusu kai tsaye.

Abin da ake rabawa galibi shi ne wanda aka tara a zaman auren. Jihohi 9, ciki har da Kalifoniya da Teksas, suna ɗaukar sa dukiyar haɗin gwiwa. Sauran kuma alƙali ke raba shi gwargwadon abin da ya ga adalci, ba lallai rabi da rabi ba.

A lura, dala 100,000 a cikin 401k ba daidai take da dala 100,000 a banki ba, domin ta farko ba a cire mata haraji ba tukuna. Idan harajin kashi 22 cikin ɗari ne, abin da zai zo hannu dala 78,000 ne. A rubuta rabon da kaso cikin ɗari tare da ranar ƙiyasi, saboda kasuwa tana hawa da sauka.

Cire kuɗi daga asusun ritaya kafin mutum ya kai shekara 59 da rabi yana jawo tarar kashi 10 cikin ɗari. Amma wadda ta karɓi rabonta ta QDRO kai tsaye daga 401k an ɗauke mata tarar, haraji kawai za ta biya. Da zarar ta mayar da shi IRA, wannan sassauci ya wuce.

Batun kuɗin ciyar da tsohuwar mata kuma, a yarjejeniyoyin da aka ƙulla bayan 31 ga Disamba 2018, mai biya ba ya samun ragin harajin tarayya, mai karɓa kuma ba ta biyan haraji a kansa. Yawanci yana tsayawa idan ta sake aure ko ɗayansu ya rasu, shi ya sa ake neman mai biya ya yi inshorar rai. Doka ba ta bambanta jinsi ba. Miji ma yana iya zama mai karɓa.